Maɗin tsiron dawa a haɗin jin mai yaji: me ya sa nawa yake komawa koko?

Rifkatu_Manchester:
Barkanku da war haka, 'yan zauren girki. Na daɗe ina karanta ku shiru, yau dai matsala ta fito da ni. Ina aiki a mashayar wani otal a Manchester, shekara uku ke nan. Duk lokacin sanyi ana ba kowannenmu dama ya kawo haɗinsa guda ɗaya a sa a jerin abin sha. Bana ina son in yi nawa da jin (wata irin barasar Turawa), da lemon tsami, da kimba, da citta mai 'ya'ya, da ɗan kanumfari. Amma zaƙin ba na son ya zo daga ruwan sukarin da kowa ke amfani da shi. Ina son ya fito daga dawa, don a gidanmu a Wusasa da kunun zaƙi Mama ta biya mana kuɗin makaranta, kuma ba na mantawa da ƙamshin nan.

Na gwada sau biyu. Na farko na soya dawa sama-sama, na niƙa, na dafa da sukari. Ya yi kauri kamar koko, ya toshe rariya, in ka zuba a kofi sai ya kwanta a ƙasa. Na biyu na jiƙa dawar har ta tsira, na markaɗa, na zuba mata tafasasshen ruwa. Ko alamar zaƙi babu. Na bar shi a kan kanta ko zai gyaru, a kwana na uku ya fara kumfa da tsami, na zubar.

Na san yawancinku Musulmi ne, ni Kirista ce, kuma ba ina kiran kowa ga sha ba ne. Maɗin kansa babu giya a ciki, kuma dole ne in kawo wani haɗin marar giya da shi. Tambayata ita ce, yaya ake fitar da zaƙi daga hatsin kansa, ya zama maɗi mai tsabta?

Maman_Hanatu:
'Yata, ke da kika tashi a gidan mai kunu, ai amsar tana hannun Mamarki. Ba a zuba wa tsiro tafasasshen ruwa. Gasarar ake raba biyu. Kaso babba shi ake dama wa ruwan zafi ya yi kauri, a bar shi ya sha iska har ki iya sa yatsa ki cire da sauri. Sannan a kawo ɗanyen kason da aka markaɗa da tsiro ko dankalin Hausa a zuba a juya, a rufe. Da idonki za ki ga kaurin nan ya saki ya tsinke. Tsinkewar nan ita ce zaƙin. Kin ƙona tsironki ne tun kafin ya yi aiki.

Rifkatu_Manchester:
Mama, na gode. Wallahi na tuna tana raba shi a roba biyu, amma ina yarinya na ɗauka don ya huce da wuri ne.

InjiniyaBala:
Abin da Maman Hanatu ta faɗa daidai ne, bari in ƙara dalilin, don na yi shekaru a ɗakin gwaje-gwajen abinci. Idan ƙwayar hatsi ta fara tsira, tana fitar da wasu sinadarai da ake kira amilas, waɗanda ke yanka sitaci su mayar da shi sukari don ɗan tsiron ya ci. Iri biyu ne. Ɗaya yana sara sitacin gunduwa-gunduwa, shi ne mai tsinka kauri, kuma yana jure zafi har wajen digiri 70. Ɗayan shi ne mai fitar da sukarin maltos, ya fi aiki tsakanin digiri 60 da 65, in zafi ya wuce haka da yawa ya mutu. Ruwa mai tafasa digiri 100 ne, ke nan kin kashe su duka biyun.

To ga inda dawa ta fi sha'ir wahala. Sitacin sha'ir yana buɗewa a zafin da sinadaran ke raye, shi ya sa Turawa ke jiƙa nasu a tukunya ɗaya su gama. Sitacin dawa kuwa ba ya nuna sai zafi ya kai digiri 70 ko ya haura, lokacin mai fitar da zaƙin ya riga ya tafi. Kuma tsiron dawa da ma ba shi da wannan na biyun da yawa. Shi ya sa matanmu suke raba gasara biyu, kuma shi ya sa suke sa dankali, domin ɗanyen dankalin Hausa yana cike da ainihin sinadarin da dawa ke ƙarancinsa.

Ga yadda zan yi in ni ne. Ki markaɗa busasshen tsiro rabin kilo, ki zuba ruwa mai ɗumi kaɗan lita biyu, ki juya, ki bar shi ya kwanta kamar minti arba'in. Ki tsiyaye ruwan saman a wani kwano ki ajiye, sinadaran suna cikinsa. Ki dafa na ƙasan da ƙarin ruwa har ya yi kauri sosai. Ki bar shi ya sauko digiri 65, ki mayar da ruwan da kika ajiye, ki riƙe shi tsakanin 60 da 65 na awa biyu zuwa uku. Tunda kina otal, nasan akwai ma'aunin zafi a kicin. Sannan ki tace da ƙyalle, kada ki matse da ƙarfi, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ya ƙone ya zama maɗi.

Garba_Makiyayi:
Ni ba mai girki ba ne, amma ku yi hattara da tsiron dawa. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa da ƙaramar dawa mai ɗanyen ganye suna kashe saniya. Na taɓa rasa biyu a rana ɗaya bayan sun shiga gonar da aka girbe ta sake tofowa. Ko wannan bai shafi abin da kuke yi ba?

InjiniyaBala:
Malam Garba, ya shafa ƙwarai, kuma na yi kuskure da ban ambata ba. Saiwa da ɗan kan da ke fitowa daga dawa suna ɗauke da wani sinadari mai suna durin, wanda ke sakin gubar sayanaid. Shi ya sa in tsiro ya bushe ake murza shi a hannu ko a tabarma, saiwoyin su karye, a sheƙe su a zubar. Rifkatu, kada ki markaɗa da saiwar, kuma kada ki riƙa ɗanɗana ɗanye. Doguwar tafasar da za ki yi a buɗaɗɗiyar tukunya tana kore ragowar. Tsiro na kwana uku ya isa, ba sai ya yi ganye ba.

Malam_Sadi:
Assalamu alaikum. 'Yar'uwa Rifkatu ta yi adalci da ta bayyana addininta da niyyarta tun farko, ba da ita nake ba. Da 'yan'uwana Musulmi nake, musamman matasanmu da ke ƙasashen waje suna neman aiki ko wane iri. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta giya, kuma hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito ya ambaci mutum goma da la'anar giya ta shafa, ciki har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita da mai sayar da ita, ba mai sha kaɗai ba. Don haka ina roƙon duk wanda zai ba da shawara a nan ya tsaya a kan maɗi, kada ya shiga awon jin.

Dan_Kantin_Kwari:
Ni ma abin da zan faɗa ke nan. A ganina ma bai kamata a bar wannan magana a zauren nan ba. Akwai yaranmu a ciki.

Admin_Talatu:
Mun duba da sauran masu kula da zaure. Dokarmu ta hana talla da zagi, ba ta hana tambayar sana'a ba. A zauren nan akwai Musulmi akwai Kirista, daga Zinder har Jos. Maganar za ta tsaya. Wanda zai taimaka da maɗi ya taimaka, wanda ya ga bai dace da shi ba ya wuce. Ba a yarda wani ya taɓa addinin wani ba.

Bulus_Jos:
Malam Sadi, kada ka ɗauka duk Kirista ne ya yarda da sha. A cocin da na tashi, in aka gan ka da kwalba sai dattawa sun zaunar da kai. Ni kaina ba na sha. Amma na yi shekara goma sha ɗaya ina aikin otal, na san mutum yana iya zama gwani a haɗa abin da shi ba ya kai wa bakinsa sai ɗigo don gwaji. Rifkatu, abu ɗaya zan gaya miki game da maɗin hatsi: ba ya zaƙi kamar sukari. Maltos bai kai rabin zaƙin sukarin rake ba. In kin saba zuba mililita 15 na ruwan sukari a kan jin 50 da lemon tsami 25, da wannan sai kin kai 25 ko 30, kuma hakan zai sa haɗin ya yi nauyi a baki. Ki rage lemon zuwa 20 ki gani.

Hajiya_Kulu_Maradi:
Ni dai giya ba ruwana da ita, amma maɗi na san shi. Me ya sa ba za ki yi amfani da takanɗa ba? Ita ma ai dawa ce, kuma zaƙinta a fili yake. Matsewa kawai za ki yi ki dafa, babu wannan wahalar ta awon zafi.

Zee_Leicester:
Hajiya, ina za ta sami takanɗa a Manchester a watan Nuwamba? Ko dawar ma sai shagunan Indiyawa, su suna ce mata jowar, gero kuma bajra.

InjiniyaBala:
Hajiya, akwai masu yin hakan. A kudancin Amurka, wajen Kentucky da Tennessee, suna matse karan takanɗa su dafa ruwan ya zama maɗi, suna ci da burodi. Amma wancan zaƙin kara ne, ɗan'uwan mazarƙwaila. Ba shi da ƙamshin ƙwaya ko kaɗan. Abin da Rifkatu ke nema ƙamshin kunu ne.

Abu_Omdurman:
Ku gafarce ni Hausata ta gauraya da Larabci, a Sudan aka haife ni. Abin da kuke ta bayani mu kowace shekara muna yinsa kafin azumi. Sunansa hilu-mur, wato zaƙi da ɗaci. Tun watan Sha'aban mata ke jiƙa dawa ta tsira, a shanya, a niƙa, a haɗa da wani garin dawar da aka dama, a zuba citta da kirfa da sauran kayan ƙamshi, wasu da tsamiya da zoɓo. A bar shi ya ɗan yi tsami, sannan a shimfiɗa shi falle-falle a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi ya gasu ya yi duhu. Lokacin buɗa-baki sai a jiƙa fallen a ruwa a tace a sha da sanyi. Abin da nake son ki ɗauka daga nan shi ne gashin. Kakata tana cewa tsiro yana ba da zaƙi, wuta tana ba da ƙamshi. In kin tace ruwanki, kada ki ji tsoron barinsa ya yi launin zuma mai duhu. Can ɗanɗanon yake.

Rifkatu_Manchester:
Yaya Abu, ban taɓa jin wannan ba. Ke nan kayan yajin a cikin maɗin kuke sa su tun farko? Ni na yi niyyar jiƙa su a cikin jin ne daban.

Bulus_Jos:
Ki sa su a maɗin, ƙanwata. Dalili biyu. Na ɗaya, maɗi guda zai yi miki haɗi biyun, mai giya da marar giya. Na biyu, barasa tana jan ɗacin kanumfari da sauri, in kin manta da shi kwana ɗaya kin ɓata kwalba sukutum. A maɗi kuwa kina jefa su a minti goma na ƙarshe, ki ɗanɗana, ki tsame.

Maman_Hanatu:
Kimba kuma ki fasa ta ki zubar da 'ya'yan cikin, su ne masu ɗaci. Ɓawon ne mai ƙamshi. Ki ɗan babbaka shi a wuta tukuna. Biyu sun ishe ki a lita guda, kimba ba ta son yawa.

TsohonMalami:
Bari tsoho ya sa baki da abin da ya koyar shekara talatin. Jin asalinsa na Holan ne, can suna ce masa jenever, daga sunan 'ya'yan itacen junifa da ake ƙamsasa shi da su. Ya bazu a Ingila bayan William na Orange, wanda Baholande ne, ya hau gadon sarautar Ingila a 1689. Aka sake wa mutane mara su dafa barasa daga hatsi, ta yi arha, talakawan Landan suka afka mata har ta zama annoba. Sai da majalisa ta yi dokoki a jere, ta 1736 ba ta yi tasiri ba, ta 1751 ce ta fara rage abin.

A wajenmu kuwa, a ƙarni na 19 jiragen ruwa sun riƙa sauke akwatunan jin na Holan da Jamus a Ikko da bakin Neja, har kwalbar jin ta zama kamar kuɗi a wasu kasuwannin kudu, ana sayen manja da ita. Arewa ba ta shiga wannan ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ba da damar hana shigar da barasa yankunan da ba su saba da ita ba, kuma Turawan mulki sun sa Arewacin Najeriya cikin yankin da aka hana. Shi ya sa jin bai taɓa zama abin gida a wajenmu ba. Masu sha a ƙasar nan burkutu da fito suka sani, su kuma daga tsiron dawa ake yinsu, irin wanda 'yar nan take fama da shi.

Yakubu_Kumasi:
Baba, haka ne, a arewacin Gana ma fito ake yi da jar dawa. Amma akwai abin da ka tsallake. Citta mai 'ya'yan da Rifkatu ke son sawa ta riga ta shiga jin tun kafin a haife ta. Ki duba jikin kwalbar Bombay Sapphire, an zana kayan ƙamshi goma, ɗaya daga ciki ita ce, kuma an rubuta daga Afirka ta Yamma take. Tun zamanin da fatake suke ƙetare Sahara da ita har ta isa Turai, daga baya Turawa suka sa wa gaɓar tekun Laberiya ta yanzu sunanta. To in jin ɗin da za ki yi aiki da shi yana da ita, ki rage taki.

TsohonMalami:
Na karɓi gyara, Yakubu. Allah ya yi albarka.

Dan_Kantin_Kwari:
Kun ga abin da nake gudu. An fara da maɗi, yanzu ana kiran sunayen kwalabe.

Zee_Leicester:
Alhaji, to bari in mayar da mu inda ni nake da buƙata. Ni Musulma ce, kuma duk walimar wurin aiki da aka yi, lemon kwalba ake miƙo mini kamar ƙaramar yarinya. In Rifkatu ta yi haɗin da babba zai riƙe ya ji ya sha wani abu, ni zan hau jirgin ƙasa in je. Amma Rifkatu ki kula da abu biyu. Ɗigon Angostura da kuke sawa a komai, kashi 44.7 cikin ɗari barasa ne, kada ya shiga marar giyar ko ɗigo ɗaya. Kuma ki ware kofin girgizawa daban. Sau biyu ana ba ni abin da aka ce babu giya, ina jin warinta a bakin kofin.

Malam_Sadi:
Zainab ta yi magana mai kyau. In ƙara da cewa ƙa'idar ita ce, abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Akwai kuma abin da ya shafi mu duka masu kunu a gida. Rifkatu ta ce nata ya yi kumfa a kwana na uku. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, yana sha ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage bayan nan ba ya ajiye shi. Ruwan hatsi mai zaƙi in ya kwana biyu a zafi hanyar giya ya kama. Ban janye maganata ta farko ba, amma maɗin da aka dafa aka adana da kyau ban ga laifinsa ba.

InjiniyaBala:
Malam ya taɓo wajen adanawa. Ruwan tsiro kafin a ƙona shi abinci ne ga yis da ƙwayoyin tsami, cikin kwana ɗaya suke kama shi. Da zarar kin gama awa ukun nan ki tace ki tafasa a ranar, kada ya kwana. Ki zuba da zafinsa a kwalbar da kika ɗauraye da tafasasshen ruwa, ki sa a firji. In kin bar shi tsararo yadda zai zubu da sauƙi a mashaya, ni ba zan wuce mako guda da shi ba. In kin ƙona shi ya yi kaurin zuma zai daɗe, sai ki riƙa tsinka na kwana biyu-biyu da ruwan zafi.

Hadiza_Seoul:
Ina karatu a Koriya ta Kudu, kuma abin nan a kowane shago ake sayar da shi, suna kiransa jocheong. Dafaffiyar shinkafa suke zuba wa ruwan tsiron sha'ir, su bar ta cikin tukunyar shinkafa ta lantarki a kan maɓallin ɗumi na awanni, sannan su tace su ƙona. Anti Rifkatu, tukunyar nan za ta hutar da ke tsayuwa da ma'auni. Ki dai auna zafin taki tukuna, wasu suna wuce 65, sai ki ɗan buɗe murfin. Kuma me zai hana ki sayi tsiron sha'ir a shagon masu dafa giyar gida? Ya fi ƙarfi nesa.

Rifkatu_Manchester:
Hadiza, dabarar tukunyar ta yi, akwai ta a kicin ɗinmu. Sha'ir ne ba zan iya ba. A nan doka ta lissafa abubuwa 14 da dole a sanar da mai saye in suna cikin abinci, kuma hatsi mai gulutin, wato alkama da sha'ir da hatsin da Turawa ke kira rai da ots, yana ciki. Dawa da gero ba su da shi. In na tsaya a kan dawa da dankali, ba ni da abin da zan rubuta a gefen suna. Ban da haka ma, in na sa sha'ir ya zama haɗin kowa.

Bulus_Jos:
Kada ki raina dawa. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin giya da na lemon malt suka koma kan dawa dole. Irin da aka fi nema lokacin har da gajeriyar kaura SK 5912 ta cibiyar binciken noma ta Samaru, nan kusa da gidanku. Yawancin waɗanda suka sha lemon malt a Najeriya a shekarun haramcin nan, akwai dawa a abin da suka sha.

Chef_Mustapha_Abuja:
Na zo a makare. Ni ina ganin kuna wahalar da yarinyar nan. A sana'a ana duba lokaci. Ki gasa dawa a tanda har ta yi ƙamshi, ki farfasa ta kada ta zama gari, ki jiƙa a ruwan zafi minti talatin kamar shayi, ki tace, ki zuba sukari daidai nauyin ruwan. Minti arba'in kin gama, ya fito garau, zai yi makonni a firji, kuma kullum ɗanɗanonsa ɗaya. Kuskurenki na farko niƙawa ne da tafasawa, ba sukarin ba. Ai ruwan orja, wato maɗin almon da kuke sawa a haɗin Mai Tai da na Army and Navy, haka ya faro, ruwan sha'ir ne a Faransa, daga sunan sha'ir a Faransanci aka samo sunan, kafin almon ya maye gurbinsa. Hocata, wani abin sha na Sifen, ita ma tushen sunansu ɗaya, kuma ta Balensiya ba komai ba ce illa kunun aya. Mai saye a daren Asabar ba zai bambance ba.

Maman_Hanatu:
Mustapha ɗana, zai bambance. Kunun da aka sa wa sukari da wanda ya yi zaƙi da kansa, ko yaro ya san ba ɗaya ba ne. Na sukari zaƙinsa a kan harshe yake tsayawa ya wuce. Na tsiro har maƙogwaro kake jinsa, kuma ba ya gundura.

Chef_Mustapha_Abuja:
Mama, a kofin kunu na yarda. Amma a ƙarƙashin junifa da lemon tsami da kimba da ƙanƙara? Ina tantama. Ta yi duka biyun ta ba abokan aikinta ba tare da ta faɗa musu wanne ne wanne ba.

Rifkatu_Manchester:
Na dawo bayan kwana tara. Na jiƙa farar dawa rabin kilo kwana ɗaya ina canza ruwa, ta tsira a kwana uku cikin jiƙaƙƙen tawul kusa da hita, don sanyin nan ba ya barin ta motsa. Na busar a tanda a mafi ƙarancin zafi da ƙofa a buɗe, na murje saiwoyin kamar yadda Malam Garba da Injiniya suka ce. Na bi hanyar tsiyaye ruwan sama, na ƙara ɗanyen dankali ƙarami guda da na goga. Da na mayar da ruwan cikin kaurin, kafin minti goma ya tsinke a gabana. Na tsaya ina kallon tukunyar, na kira Mama a waya ina gaya mata, ta ce ai ta sha faɗa mini ina wasa.

Na sami kusan mililita 400, launin zuma mai duhu. Bai fito garau ba, akwai ɗan hazo, ko da na sake tacewa da takardar tace kofi. Na yi jin 50, lemon tsami 20, maɗi 25, na girgiza da ƙanƙara, na murza citta mai 'ya'ya biyu a sama. Marar giyar kuma maɗi 30, ruwan tsamiya 20, ɗanyar citta, na cika da tonik. Chef Mustapha, na yi gwajinka da mutum biyar. Uku sun zaɓi na tsiro, biyu sun ce na sukarin ya fi tsabta a baki. Shugabanmu yana cikin biyun, kuma yana tambaya wa zai riƙa tsirar da dawa duk mako in na tafi hutu.

Chef_Mustapha_Abuja:
Tambayarsa ita ce tawa. Ki gwada rabi da rabi.

InjiniyaBala:
Busasshen tsiro yana yin watanni a gwangwani mai murfi, ki yi kilo uku a zama ɗaya. Hazon kuma furotin ne da ragowar sitaci. Bayan tafasar farko ki sa ruwan a firji ya kwana, ki tsiyaye na sama a hankali, sannan ki ƙona.

Abu_Omdurman:
Kimbar fa? Ba ki ce komai a kanta ba.

Rifkatu_Manchester:
Na sa biyu kamar yadda Maman Hanatu ta ce, amma da jin ɗin sai ta yi kamar magani, ita da junifa suna ture juna. A marar giyar kuwa ta zauna daram. Ina tunanin in raba maɗin biyu, ko in sa ɗaya tak in ƙara kirfa.

Hajiya_Kulu_Maradi:
Ki gwada da gero ma ki gaya mana. Ni ina jin gero zai fi ɗaukar kimba, dawa ta fi son kanumfari. Kuma Injiniya, awon nan naka na digiri 65, mu da ba mu da ma'auni, yatsan Maman Hanatu za mu bi ko akwai wata alama?